Wa Ya Ƙwace Maka Hankali a Kasuwar Illela?

Duk wanda ya saba cin kasuwar Illela ranar Lahadi ya san labarin, domin ba ya tsufa. Wani bawan Allah ya sayar da sa a kara, dillali ya ƙirga masa kuɗinsa, ya cusa a aljihun 'yar ciki ya nufi tasha. Sai ga wani baƙo mai tsafta da ladabi ya tare shi da sallama, ya tambayi hanyar Ƙonni, ya dafa masa kafaɗa. Daga nan, in ji mai labarin, bai ƙara sanin inda kansa yake ba sai da ya ga kansa a tsaye shi kaɗai, aljihu wayam. Ka ji ana cewa, "Shi dai yat taɓa ni, ban san sa'adda nib ba shi ba." A da, asiri ake kiran wannan, ko rufa-ido. Yanzu da waya ta shiga hannun kowa, matasa sun samo masa sabon suna daga bidiyoyin TikTok da Facebook, inda ake nuna wani Bature ya kaɗa yatsa mutum ya sulale ƙasa. Sun ce hifnosis ne, kuma 'yan damfara sun koyo shi.

Wannan magana tana damuna, domin ta haɗa abubuwa biyu da ba su da dangantaka. Ɓarawon kasuwa daban. Hifnosis kuma wata dabara ce da likitoci da masana halayyar ɗan Adam ke amfani da ita a ɗakin jinya, ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da ita tun 1955, ta Amurka kuma ta biyo baya a 1958. Idan muka bar sunan dabarar ya zama sunan sata, mun yi asara biyu. Mun bai wa ɓarawo girman da bai kai ba, mun kuma tsorata majinyaci da abin da wataƙila zai amfane shi wata rana.

Ga abin da ke faruwa a ɗakin jinya. Majinyaci yana zaune a kujera, an riga an yi masa bayani, ya kuma amince. Likita ya ce masa ya kafa ido a wuri guda ko ya lumshe, ya riƙa sauke numfashi a hankali, ya saki kafaɗunsa. Sai ya ci gaba da yi masa magana cikin murya mai taushi, yana jan tunaninsa zuwa abu ɗaya tak, ko gonar da ya tashi a cikinta, ko inuwar da ya saba hutawa. Idan hankalin ya tattaru, sai likita ya fara shigar da shawarwarin da suka yi yarjejeniya a kansu tun farko: cewa zafin da ke bayansa yana raguwa, cewa idan ya tuna daren da aka kai hari zai iya kallon abin daga nesa ba tare da ƙirjinsa ya buga ba. Ba turare, ba laya, ba kiran kowa. Majinyacin yana jin komai, yana iya magana, yana iya tari, yana iya cewa bai yarda ba ya miƙe ya tafi. Na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa ta nuna cewa wanda ke cikin wannan hali ba barci yake ba, a farke yake.

Mutumin Illela bai kamata wannan hali ya zame masa baƙo ba. Ka dubi dattijo a majalisa lokacin kokawar takobi ta Nijar, rediyo manne da kunne, gwaninsa ya shiga fili. Ka kira sunansa sau biyu, ba zai waiwayo ba. Shayin da ke hannunsa ya huce bai sani ba, ciwon gwiwar da ya wuni yana kuka da shi ya tafi hutu. Idan mai sharhi ya ce an ɗaga ƙafa, sai ka ga tasa ƙafar ta motsa, alhali yana zaune a kan tabarma, filin kokawar kuma yana can wani gari mai nisa. Magana ce kawai ta shiga kunnensa, jikinsa ya amsa. Amma ka gwada cewa ya miƙo maka makullin shagonsa, ko kuwa a ce gobara ta tashi a bayan gida. Nan take zai dawo. Hankalinsa ya tattaru ne wuri guda da son ransa, bai fita daga hannunsa ba. Hifnosis shi ne a kai mutum wannan hali da gangan, a kuma yi amfani da shi don wata manufa ta jinya.

Turawa ma da tsoro da camfi suka fara. A ƙarni na 18 wani likita Bajamushe, Franz Anton Mesmer, ya cika birnin Faris da da'awar cewa akwai wani ƙarfi ɓoyayye irin na maganaɗisu da ke gudana daga jikinsa zuwa na marasa lafiya. Mutane suna faɗuwa suna shure-shure a gabansa, wasu kuma suna tashi su ce sun warke. A 1784 Sarki Louis na 16 ya naɗa kwamitin bincike, cikinsu har da Benjamin Franklin da masanin sinadarai Antoine Lavoisier. Gwajin da suka yi mai sauƙi ne. Aka sa wani almajirin Mesmer ya "zuba" ƙarfin nasa a jikin bishiya ɗaya a lambu, aka rufe wa wani yaro ɗan shekara 12 ido, aka riƙa kai shi gindin bishiyoyi. Yaron ya suma a gindin wadda ba a taɓa ba. Kwamitin ya yanke hukuncin cewa babu wani ƙarfi da ke fita daga jikin kowa, abin da mutum ya sa a ransa ne ke aiki a jikinsa. Bayan kusan shekara 60, wani likitan tiyata a Manchester mai suna James Braid ya ɗauki abin ya wanke shi daga camfi, ya nuna a littafinsa na 1843 cewa sirrin yana cikin tattara hankalin majinyaci, ba a hannun mai yi ba.

A nan ne nake so mai karatu ya daɗe, domin nan ne kuskuren yake. Mutane sun ɗauka mai hifnosis yana shiga kan mutum ya karɓe linzami. Masana sun shafe shekaru suna gwada wannan. A 1965 Martin Orne da Frederick Evans sun yi wani gwaji da ya shahara. Sun sa mutanen da aka yi wa hifnosis su kai hannu ga maciji mai dafi, su ciro kwabo daga cikin ruwan asid, su kuma watsa wa wani ma'aikaci abin da suka ɗauka asid ne. Yawancinsu sun aikata. Da an tsaya a nan, da sai a ce ga hujja. Amma masu binciken sun kawo wasu mutanen da ba a yi musu komai ba, aka ce su yi kamar an yi musu. Su ma suka aikata duka. Da aka tambaye su dalili, sai suka ce sun san a jami'a suke, sun kuma tabbata malaman ba za su bari a cutar da kowa ba. Haka kuwa abin yake, domin akwai gilashi tsakaninsu da macijin, an kuma musanya asid ɗin da za a watsa. Ashe amincewa da wurin da mutanen ce ta sa su biyayya, hifnosis bai ƙara komai ba.

Ba kowa ma yake karɓar abin ba. Tun 1959 aka samar da ma'auni a Jami'ar Stanford, kuma sakamakon bai sauya sosai ba: kimanin mutum 10 zuwa 15 cikin 100 ne ke nutsewa sosai, kusan adadin haka kuma ba sa jin komai ko an kwana ana yi musu magana, sauran suna tsakiya. Wannan ba alamar raunin hankali ko raunin imani ba ce, baiwa ce ta iya nutsewa cikin tunani, kuma tana tare da mutum shekara da shekaru. Wanda ya ƙi ba da haɗin kai kuwa ba a iya yi masa. Yawancin mutane suna tuna duk abin da aka faɗa musu bayan an gama, kuma ba a taɓa samun wanda ya maƙale ya kasa dawowa ba. Idan likita ya fita ya bar majinyaci, ko dai ya buɗe ido da kansa ko barcin gaske ya ɗauke shi ya farka. Bidiyoyin da ake yaɗawa kuwa wasan dandali ne. Mai wasan yakan tace 'yan kallo ya zaɓi masu saurin karɓa da masu son a gan su, sannan a yanke duk inda abin bai yi ba kafin a saka a intanet.

To, idan abin da ake yi cikin shiru da yardar mutum bai iya sa shi abin da ba ya so ba, ta yaya dafa kafaɗa na daƙiƙa biyu, a tsakiyar kukan shanu da hon ɗin motoci, zai sa shi miƙa kuɗin sa guda? Amsar ba ta da daɗi, amma gara a faɗe ta. 'Yan damfara ba su kaɗai suke aiki ba, su biyu ne ko uku. Ɗaya ya ja ka da magana, ɗaya ya bangaje ka, na uku ya wuce da abin da ke aljihu. Wani lokaci kwaɗayi suke taɓawa: ga damin kuɗi an tsinta a raba, ga canjin sefa mai rahusa fiye da na 'yan canji, ga malamin da zai ninka maka jari. Wani lokaci tsoro: an ce an gano maka mugun abu a jiki, idan ba ka kawo abin da ke hannunka an yi addu'a a kai ba, ba za ka kai gida ba. Idan kuma da gaske mutum ya fita hayyacinsa, to a binciki abin da ya ci ko ya sha. Zaƙami yana nan a bayan gari, kowa ya san abin da 'ya'yansa ke yi idan aka zuba su a fura ko shayi: baki ya bushe, ido ya buɗe, mutum ya rikice, washegari ya kasa tuna komai. Wannan guba ce, maganinta asibiti. Bayan an yi wa magidanci irin wannan ta'asa, ya fi masa sauƙi ya ce an juyar masa da hankali da ya ce ya bi kuɗin tsintuwa. Ban ga laifinsa ba, kunya ce, kuma kowa yana da ita. Sai dai labarin da ya rufa masa asiri shi ne ke rufa wa ɓarawon asiri, domin wanda ya yarda sihiri aka yi masa ba ya zuwa wurin 'yan sanda ya siffanta fuska.

Akwai kuma wanda ke biyan kuɗin wannan tsoro da jininsa, shi ne baƙo. Illela gari ne na iyaka, kullum cike yake da fuskokin da ba a sani ba, daga Tawa, daga Agadas, daga kudancin Nijeriya. Mun ga abin da ya faru a 2023 lokacin da jita-jitar sace mazakuta ta mamaye Abuja da jihohin da ke kewaye da ita. An yi wa mutane dukan kawo wuƙa saboda sun gaisa da wani, likitoci suka duba masu ƙorafin suka tarar komai yana nan, har 'yan sanda suka gurfanar da wasunsu a kotu bisa ƙarar ƙarya. Da yawansu ba ƙarya suka shirya ba. Sun ji labarin har ya zauna musu, tsoro ya kama su, jiki ya tsuke, suka ji abin da suke jira su ji. Wannan shi ne darasin kwamitin 1784 da har yau ba mu ɗauka ba.

Wannan ƙarfin da zato ke da shi a kan jiki, shi ne likita ke juyawa ya zama magani. A 1997 Pierre Rainville da abokan aikinsa a Montreal ta Kanada sun sa mutane tsoma hannu a ruwa mai zafin digiri 47 ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. A cikin hifnosis aka ce wa mutum zafin zai dame shi ƙwarai, wani lokacin kuma aka ce ba zai dame shi ba. Zafin ruwan bai sauya ba. Sashen ƙwaƙwalwar da ke karɓar saƙon fata ma bai sauya aikinsa ba. Amma sashen da ke auna yadda ciwo ke ƙuntata wa mutum ya riƙa hawa da sauka daidai da abin da aka faɗa. Ciwo ashe hawa biyu ne, akwai saƙon da jijiya ke kawowa, akwai kuma azabar da ƙwaƙwalwa ke ɗorawa a kai, kuma magana tana iya taɓa na biyun.

Shi ya sa hujja mafi ƙarfi da ake da ita tana wajen rage ciwo da fargaba. A asibitin jami'a na Liège da ke Beljiyam, tun 1992 ake yin wasu tiyatoci da hifnosis haɗe da allurar kashe zafi ta wuri guda, maimakon a sumar da mutum gaba ɗaya, kuma dubban majinyata sun bi ta wannan hanya. A 2014 mawaƙiyar ƙasar Gini, Alama Kanté, ta kwanta a asibitin Henri-Mondor kusa da Faris aka cire mata ƙari a maƙogwaro ta wannan hanyar. Tana waƙa ana aikin, domin likitan ya riƙa jin muryarta ya tabbata bai taɓa jijiyar sauti ba. A New York, Guy Montgomery ya gwada mata 200 da za a yi wa tiyatar nono a binciken da ya fito a 2007. Zama na minti 15 kacal kafin shiga ɗakin tiyata ya rage musu ciwo da tashin zuciya da gajiya, ya kuma rage yawan maganin da aka yi amfani da shi. Haka nan ciwon hanjin nan mai naci, mai kumburi da murɗa da gudawa ko ƙin fitar bayan gida, wanda ake gwaji a rasa dalilinsa. Peter Whorwell ya fara nuna amfanin hifnosis a kansa a Manchester a 1984, kuma tun 2008 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa shi cikin abin da za a iya gwadawa idan magunguna sun kasa bayan shekara guda.

A jinyar tattaunawa, wato inda ake warkar da damuwa da firgici ta hanyar zama da masani, matsayinsa ya fi wannan ƙanƙanta, kuma dole a faɗi haka. Hifnosis ba jinya ba ce mai zaman kanta, ƙari ne a kan jinyar da aka riga aka sani. Irving Kirsch ya tattara bincike 18 a 1995 ya ga cewa waɗanda aka haɗa musu shi da jinyar gyaran tunani da ɗabi'a sun fi samun sauƙi, amma yawancin binciken ƙanana ne, kuma waɗanda suka sake lissafin daga baya sun ga ribar ba ta kai yadda aka fara zato ba. A Ostireliya, Richard Bryant ya gwada mutum 87 da suka tsira daga haɗari ko farmaki. Waɗanda aka ƙara wa hifnosis sun fi saurin rabuwa da dawowar hoton abin a ido, amma bayan shekaru uku sun yi daidai da waɗanda aka yi wa jinyar ba tare da shi ba. Batun barin taba kuwa, wanda masu talla suka fi yayatawa, bitar da cibiyar Cochrane ta fitar a 2019 ba ta sami isasshiyar hujja cewa ya fi sauran hanyoyi ba. Kuma ba a yin sa ga mai taɓin hankalin da ke jin muryoyi ko ganin abin da babu, domin yana iya ƙara rikita shi. Ba ya maganin farfaɗiya, ba ya maye gurbin ƙwayoyin da likita ya rubuta, ba ya cire tiramol daga jinin matashi a zama ɗaya. Duk wanda ya yi maka alkawarin haka a WhatsApp, ya kuma turo lambar asusu, ɗan'uwan mai dafa kafaɗa ne.

Haɗarin gaske yana wani wuri da ba a cika zato ba, wato wajen tuna baya. Mutane sun ɗauka ƙwaƙwalwa tana ajiye komai yadda ya faru, hifnosis kuma zai buɗe ma'ajiyar. Ba haka ba ne. A duk lokacin da mutum ya tuna abu, sake gina shi yake yi, kuma a cikin hifnosis ginin ya fi saurin karɓar abin da ba nasa ba. A 1983 Jean-Roch Laurence da Campbell Perry sun ɗauki mutum 27 masu saurin nutsewa, suka mayar da tunaninsu wani dare da suka ce sun yi barci lafiya, suka tambaye su ko sun ji wata ƙara da ta tashe su. Bayan an gama, 13 daga cikinsu suka ce lallai an yi ƙarar a daren, wasu ma suka dage ko da aka gaya musu cewa mai binciken ne ya shuka maganar. Mutum yana fitowa da tabbaci mai ƙarfi a kan abin da bai faru ba. Amurka ta ɗanɗana kuɗarta a shekarun 1980 da 1990, lokacin da wasu masu jinya suka riƙa "tono" wa majinyata laifuffukan da aka ce iyayensu sun yi musu suna yara. Gidaje sun watse, an kai mutane kotu. Wata mata a jihar Wisconsin, da likitanta ya sa ta yarda cewa tana da halaye sama da 120 a jikinta, ta kai shi ƙara aka sasanta a kan dala miliyan 2.4 a 1997. Jihar Texas, wadda 'yan sandanta suka daɗe suna amfani da hifnosis a kan shaidu, ta haramta karɓar irin wannan shaida a kotu a 2023.

Mai karatu ya ɗauko wannan ya ajiye a gidajenmu. Mace tana fama da faɗuwar gaba da rashin barci, an zaunar da ita a gaban wanda ta yarda da shi, an kai ta halin da take karɓar duk abin da aka faɗa, sannan a tambaye ta, "Wa ya yi miki wannan? Duba da kyau, ba mace ba ce? Ba a gidanku take ba?" Wallahi za ta ga fuska. Za ta ga kishiya, ko uwar miji, ko tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen unguwa. Za ta kuma rantse, ba don tana ƙarya ba, sai don tambayar ta riga ta zana mata amsar. Mun san inda irin wannan ke ƙarewa: saki, gaba tsakanin dangi, jifan tsohuwa da sunan maita. Ba sai an kira abin hifnosis ba kafin ya yi wannan ɓarna. Duk zaman da ake tattara hankalin mai rauni a yi masa tambaya mai jan baki yana ɗauke da haɗarin nan, ko a asibiti ne, ko a zauren mai magani. Likitan kirki ba ya amfani da hifnosis don gano wanda ya yi laifi, kuma wannan ita ce alama ta farko da za a gane shi da ita.

Na san akwai masu cewa malamai sun haramta. Gaskiya ne kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya taɓa fitar da fatawa da ta sa shi cikin bokanci, bisa siffanta shi da cewa mai yi yana amfani da aljani ne ya mallaki wanda ake yi wa, har ya ba da labarin gaibu. Duk abin da ya dace da wannan siffa, babu Musulmin da zai yi jayayya a kan haramcinsa. Amma abin da aka yi wa mata 200 a New York bai dace da ita ba, babu neman gaibu, babu kiran kowa, kuma wasu malaman sun bambanta tsakanin biyun. Hukunci na malamai ne, ba na marubuci ba. Roƙona shi ne malamanmu na Sakkwato, garin da ya gaji karatu da bincike, su zauna da likitocin ƙwaƙwalwa su ga yadda ake yin abin da idonsu kafin su yanke.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne muna ta gardama a kan dabarar da ba kasafai ake samunta a asibitocinmu ba, alhali jinyar da ta fi ta muhimmanci ma ba ta isa ga mutane ba. Gabashin Sakkwato ya sha wuya a hannun 'yan bindiga, daga Sabon Birni da Isa zuwa Goronyo, kuma ƙauyukan Illela ma ba su tsira ba. Akwai matan da suka ga an kashe mazajensu, akwai yaran da ƙarar babur ke sa su fitsari a tsaye, akwai waɗanda aka karɓo daga daji bayan an biya fansa suka dawo ba sa magana. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce mutum 1 cikin 5 a yankunan da ake rikici yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya kuwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum ana rasa wasu zuwa ƙasashen waje. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta yi tanadi mai kyau a takarda, amma mai jinya a ƙauyen iyaka bai ga bambanci ba tukuna. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa ana iya jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa a cikin ƙauye tare da danginsu, har da haɗa kai da masu maganin gargajiya. Sama da shekara 70 ke nan, ba mu ɗauki darasin ba.

Ba a buƙatar gini mai hawa kafin a fara. Ma'aikacin lafiya na matakin farko yana iya koyon gane firgici da ciwon damuwa, ya koya wa majinyaci sarrafa numfashi da sakin jiki, ya kuma san lokacin da zai tura shi gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin irin wannan horo tun 2008. Hifnosis kuma, idan za a kawo shi, a bar shi a hannun likita ko masanin halayyar da ke da lasisin jinyar cutar tun asali, wanda zai iya yin aikin ko da babu shi. Alhakin horon yana kan ma'aikatar lafiya ta jiha da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ya kamata shugabannin ƙaramar hukuma su nema da bakinsu.

Kai kuma da ke da ɗan'uwa wanda ya daina barci, ko 'yar da ke firgita tun bayan hari, kada ka jira a ɗaure shi da mari, kada kuma ka kai kuɗinka ga mai alkawarin warkarwa a zama ɗaya. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yana Kware, a kan titin da motocin Illela ke bi kullum zuwa Sakkwato, bayan an wuce Gwadabawa. Ka kai shi a duba shi. Idan kuma an ce an kama mai juya hankali a kasuwa, ka hana a taɓa shi, a miƙa shi ga hukuma.